Tambayoyinku: Tara biyu a wata ɗaya kan sigari

Assalamu alaikum Malam. Ni direban tasi ne a wani gari a arewacin Ingila. A wata ɗaya ƙaramar hukumarmu ta ci ni tara har sau biyu. Ta farko wai an ga guntun sigari ya fito ta tagar motata a bakin danja, alhali fasinja ne ya jefa. Ta biyu kuma wani jami'insu ya iske ni ina shan taba cikin motar, ni kaɗai, ina jiran kira. Motata ce, da guminta na saya. Wannan ba zalunci ba ne?
Ɗan'uwanka, direban tasi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ɗaya kana da bakin magana, ɗaya kuwa biya kawai za ka yi.

Mu fara da guntun sigarin. A dokar Ingila shara ne, daidai da gwangwani ko leda, an fayyace haka tun 2005. Daga 2018 kuma aka ba ƙananan hukumomin da ba na Landan ba ikon cin tarar wanda sunansa ke kan rajistar mota ko da ba a san wanda ya yi jifan ba. Jami'i ko kyamara ta ɗauki lambar, su nemi adireshinka a hukumar rajistar motoci ta DVLA, sai ka ga wasiƙa. Kowace hukuma ita ke yanke kuɗinta, kuma tun 2023 yana iya kai fam 500.

To ga inda ka tsira. Dokar ta ware bas da tasi masu lasisi idan fasinja ne ya jefa. Rubuta musu cikin kwana 28, ka haɗa da takardar lasisinka da shaidar cewa a wannan lokacin kana ɗauke da fasinja, manhajar da kake karɓar aiki da ita tana ajiye wannan. Idan suka ƙi, akwai kotun ɗaukaka ƙara mai zaman kanta. Abin da nake jiye maka shi ne ka cusa wasiƙar a aljihun mota ka manta, don in kwana 28 suka wuce ba biya ba ƙorafi, tarar ninkawa take yi. Mutanenmu da yawa nan suke faɗawa, wasiƙa mai tambarin hukuma sai a ƙi buɗe ta kamar ba a gani ba.

Ta biyun fa, ka yi haƙuri. Tun 1 ga Yulin 2007 tasi ta shiga sahun wuraren aiki da aka hana shan taba a ciki, dare da rana, da fasinja ko babu, ko da ranar hutunka ce. Dalilinsu shi ne hayaƙi yana kama kujeru, wanda ya shiga bayanka shi zai shaƙa. Tarar fam 50 ce, tana sauka zuwa 30 in ka biya cikin kwana 15. Ka kai ta kotun majistare tana iya zama 200, kuma kada ka manta hukumar da ta ci ka ita ce ke sabunta maka lasisi.

Ko a motar gida ma, tun Oktoban 2015 laifi ne a sha taba da yaro ɗan ƙasa da shekara 18 a ciki, ko an zuge gilashi. In sha'awar taba ta matsa maka, ka faka ka fito, guntun kuma ka nemo masa ɗan gwangwani mai murfi.