Shafin ya zauna daram a kwamfutata, amma ya wargaje a wayar Alhaji

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na haɗa wa wani mai sayar da shadda da atamfa a Kasuwar Barci shafin intanet. A kwamfutata, cikin Chrome, komai ya zauna daram. Amma a tsohuwar iPhone ɗinsa hotunan kaya sun manne da juna babu tazara, a Opera Mini ɗin yaron shagonsa kuwa sun jeru wani ƙarƙashin wani, farashi ya hau kan hoto. Alhaji ya ce ba zai cika mini kuɗina ba sai na gyara. Daga wani ɗalibi a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka ga laifin Alhaji, domin da irin waɗannan wayoyin masu sayen kayansa za su shiga shafin.

Kowace burauza akwai injin da ke karanta abin da ka rubuta ya zana shi a fuskar waya. Chrome da Edge suna aiki da Blink, Firefox da Gecko, Safari da WebKit. A iPhone ɗin da ke hannun mutanenmu kuwa, ko Chrome aka sauke, WebKit ne a cikinsa. Saboda haka cewa Alhaji ya canza burauza ba zai yi maganin komai ba.

Mannewar hotunan nan na san ta sarai. Ina kyautata zaton flex ka yi amfani da shi, wato umarnin jera abubuwa a layi, ka raba hotunan da gap, umarnin da ke sa tazara a tsakaninsu. Firefox ta fara gane gap a cikin flex tun 2018, Chrome sai a fitowa ta 84 a 2020, Safari kuwa sai 14.1 a 2021. Burauzar da ta girmi wannan tsallake layin take yi, ba ta ko yi maka gargaɗi. Mafita ita ce ka ba kowane hoto margin nasa, wato tazarar gefensa. A nan akwai tarkon da yake kama har ƙwararru: idan ka tambayi burauza da @supports, umarnin gwada abin da burauza ta iya, ko ta san gap, tsohuwar Safari za ta amsa da e, saboda ta san shi a cikin grid, tsarin jera abubuwa gida-gida, alhali ba ta san shi a flex ba.

Opera Mini kuwa lamarinta daban ne. Idan an sa ta a matsanancin tsimin data, ba wayar ce ke zana shafin ba. Kwamfutocin kamfanin Opera ne suke zanawa da tsohon injinsu Presto, su matse shi, su turo. Wannan injin bai san grid ba, duk da cewa manyan burauzoji sun karɓe shi tun watan Maris na 2017. Ni ba na ganin jeruwar hotuna wani ƙarƙashin wani a matsayin aibi, haka ma ya fi daɗin dubawa a ƙaramar waya. Hawan farashi kan hoto shi ne ɓarnar, kuma galibi position: absolute, umarnin da ke cire abu daga jerin sauran ya kafa shi a wuri guda, ke jawo shi. Ka bar farashin ya zauna ƙarƙashin hotonsa a tsari na asali, sannan ka zuba kwalliyar grid ɗin a cikin @supports, wanda ya iya ya ɗauka.

Kafin duk wannan, leƙa saman shafinka. Idan babu DOCTYPE, wato layin farko da ke sanar da nau'in shafin, burauza tana komawa tsohon salon zana shafi. Idan babu layin viewport, mai sa shafi ya bi faɗin fuskar waya, waya za ta ɗauka faɗin shafin fiksel 980 ne, ta ƙanƙance komai. Ka sa UTF-8, tsarin da burauza ke gane haruffa da shi, ka kuma zaɓi salon rubutu mai ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, in ba haka ba burauza za ta aro su daga wani salon, su fito daban a tsakiyar kalma. Internet Explorer kada ta ɗauke maka hankali, Microsoft ta yi mata ritaya ranar 15 ga Yuni, 2022.

Duk sabon abin da za ka rubuta, duba shi tukuna a caniuse.com, shafin da ke nuna burauzojin da suka san shi. Ka gyara abu ɗaya, ka gwada, sannan ka taɓa na gaba. Kuma ka ɗauki kwamfutarka ka je shagon da kanka, ka roƙi Alhaji aron wayarsa da ta yaronsa, ka goge tsohon shafin da suka adana kafin kowane gwaji, don kada ka yi ta kallon aikin jiya kana zaton gyaran bai ci ba.