Tambayi Bakanike: Mustang ko Toyota 86, wacce ta fi riƙe titi?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba, da fatan gareji lafiya. Ni matashi ne ɗan shekara 27, ina zaune a Unguwar Rimi nan Kaduna. Shekarata biyar ina tuƙa Corolla. Yanzu Allah ya hore mini ɗan abin hannu, ina son motar gudu mai ƙofa biyu. Dillali ya nuna mini guda biyu, Ford Mustang GT ta 2016 da Toyota 86 ta 2017. Abokaina duk sun ce in ɗauki Mustang, wai ita 86 ko Camry mai silinda shida za ta bar ta a baya. Gaskiya ni ma ƙarar Mustang ta shiga raina. Wacce ta fi, Baba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya sanya albarka a abin da ka samu.

Abokanka ba su yi ƙarya ba. Mustang GT ta 2016 tana ɗauke da inji mai silinda takwas, lita 5, ƙarfin doki 435. Daga tsaye takan kai gudun kilomita 100 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa biyar. Ita kuwa 86 silinda huɗu gare ta, lita 2, ƙarfinta bai wuce doki 200 da 'yan kai ba. In aka jera su a miƙaƙƙen titi aka ce a ba su wuta, kafin mai 86 ya sa giya ta uku Mustang ta yi masa nisa. Batun Camry ma haka yake, mai silinda shidan tana da doki 268, kuma za ta iya ba 86 kunya a miƙe.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Ka zauna ka lissafa hanyar da kake bi kullum. Daga Unguwar Rimi ka fito Independence Way, ka shiga Ahmadu Bello Way, ko ka hau gadar Kawo. A ina a cikin nan za ka ƙure maleji? Abin da ke gabanka kullum shi ne shataletale, kwana, ɗan Keke Napep da ya yanko ba sigina, da ramin da jiya babu shi. A irin wannan wuri abin da mota ke buƙata shi ne in ka murza sitiyari ta bi, in ka taka birki ta tsaya inda ka nufa. Wannan shi muke kira riƙe titi, kuma ba yawan dawakai ke kawo shi ba.

Nauyi ne farko. Mustang ɗin nan tana kusan kilo 1,700, 86 kuwa wajen 1,250. Bambancin ya kai buhun siminti tara. Ka tuna yadda Corollarka ke canja hali in ka cika but da kaya, yadda take jinkirin tsayawa, take rinjaya a kwana. To buhu taran nan Mustang na tafe da su kullum, kuma wani kaso mai yawa na nauyin yana gaba, inda babban injin yake. Duk lokacin da ka karya kwana sai tayoyi sun yi kokawa da wannan nauyi kafin hancin motar ya juya.

Na biyu shi ne inda nauyin ya zauna. Injin 86 na kamfanin Subaru ne, kuma fistin ɗinsa a kwance suke, biyu dama biyu hagu, suna naushin juna kamar 'yan dambe. Saboda haka injin ya yi faɗi bai yi tsayi ba, aka samu damar dasa shi can ƙasa. Ranar farko da na buɗe bonet ɗin irinta sai da na sunkuya sosai kafin hannuna ya kai kan injin. Da na fita gwaji da ita ta hanyar Kachia, abin da ya fi burge ni shi ne sitiyarinta. Ɗan motsi kaɗan za ka yi ta amsa. Kana jin tsakuwar titi a tafin hannunka, kuma kafin bayanta ya fara zamewa sai ta sanar da kai ta kujera, ka ji a ƙugunka. Mota ce mai gaya wa direba gaskiya tun da sauran lokacin gyara.

Kada ka ɗauka ina kushe Mustang. Wadda aka nuna maka tana cikin masu kyau. Kafin 2015 yawancin Mustang ƙarfe ɗaya ne ya haɗa tayoyin bayansu, irin na a-kori-kura, in taya ɗaya ta faɗa rami ɗayar ma sai ta girgiza. Daga 2015 aka raba su, kowace taya da ƙafarta, motar ta natsu ƙwarai. In doguwar tafiya ce, misali Kaduna zuwa Zariya ko Kano, ta fi 86 daɗin zama nesa ba kusa ba, kuma wuce tirela a wurinta kamar shan ruwa ne. A hannun wanda ya ƙware, mota ce ta gaske.

Damuwata ita ce hannun da za ta shiga. Corolla da tayoyin gaba take ja. In ka shiga kwana da gudu fiye da kima, hancinta ne zai nemi miƙewa, kana ɗaga ƙafa daga totur sai ta dawo hanya. Shekara biyar ƙafarka ta saba da wannan. Su kuwa motocin nan biyu da baya suke turawa. In ka danna totur kana tsakiyar kwana, tayoyin baya ne ke sakin titi, gindin motar ya watso gefe. Da doki 200 abin yana zuwa a hankali, ka samu zarafin mayar da sitiyari. Da doki 435 kafin ka ce me, motar ta ƙwace.

Na ga wannan da idona. Wata shekara a farkon damina, ran da aka yi yayyafin farko, aka jawo mini wata Mustang ja da igiya. Ka san yadda titi yake a ranar, ƙurar rani da baƙin man da ya ɗiga wata da watanni sun haɗu da ruwa sun zama kamar miyar kuɓewa. Yaron da ke tuƙin bai fi shekarunka ba. Yana fitowa daga shataletale ya ba ta wuta don abokansa su ji ƙara, ta juya da shi sau ɗaya da rabi ta daki dakalin gefen titi. Wilin baya ya lanƙwashe, ƙafar ta karye, tayar ta shige ciki. Na ba shi ruwa a kofi, hannunsa na rawa har ruwan na zuba a rigarsa. Da na leƙa ciki sai na tarar ya kashe na'urar da ke hana taya sulɓi, wai an ce masa tana rage ƙarfin mota. Inda ta tsaya, taku kaɗan ne tsakaninta da wata mai tallan gyaɗa. Har yau in na tuna yarinyar nan sai gabana ya faɗi.

Ni a kan Peugeot 504 na koyi aiki, irin waɗanda kamfanin PAN ya fara haɗawa a Kakuri tun 1975. Wadda muka sani ko doki 100 ba ta cika ba, ita ma da baya take turawa. Amma a wannan shekarar ta 1975 ce 504 ta lashe gasar tseren motoci ta Safari a Kenya, a kan hanyoyin da suka fi namu muni. An ƙara wa ta gasar ƙarfi, gaskiya ne, sai dai abin da ya sa direbobinmu na tasha suka riƙe ta shekara da shekaru shi ne ƙafafunta, yadda take shanye gargada ba ta saki hanya ba.

Don haka in shawarata kake nema, ɗauki 86. Ka yi shekara biyu da ita ka koyi halin mota mai tura baya, in ya so daga baya ka hau Mustang da hannun da ya nuna.

Amma ka san abin da za ka shiga. Tambarin Toyota ne a goshinta, cikinta kuwa Subaru ne, a masana'antar Subaru ma ake ƙera ta a Japan. Kada ka zaci za ka shiga Panteka ka samo kayanta a shagon farko kamar na Corolla, wasu sai an aiko daga Legas ko waje. Canjin fulogi kaɗai aiki ne, domin suna gefe a matse da jikin shasi, sau da yawa sai an ɗan ɗaga injin. Tana son fetur mai daraja, mu kuwa iri ɗaya ake sayarwa a gidajen mai, saboda haka ka tsaya wa gidan mai ɗaya da ka yarda da shi, kuma kada ka yi wasa da lokacin juyen baƙin mai. Ƙasanta bai fi santimita 13 daga titi ba. Duk tudun hana gudu sai ka hau shi a karkace, a hankali, in kuma unguwar da kake zuwa zance ba kwalta, da damina sai dai ka ari Corollar da ka sayar. Mustang ma ba ta tsira daga wannan ba, ga shan mai, wanda tun da aka cire tallafi a 2023 ba sai na yi maka bayani ba.

Kafin ka biya ko sisi, ka kai ta a ɗaga a duba shasi, domin da yawa daga motocin da ake kawowa daga Amurka sun taɓa haɗari, kuma motar da shasinta ya karkace ba za ta ƙara riƙe titi daidai ba. Ka tabbatar ba wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu ba ce. Sannan ka durƙusa ka karanta gefen taya. Akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da haruffan DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2317, an yi ta a mako na 23 na 2017, ta tsufa ko da zanenta bai cinye ba. Ka sa kuɗin sababbin tayoyi huɗu cikin lissafinka tun yanzu.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni malamar makaranta ce a Barnawa. Ɗana ya ce mini injin Porsche a baya yake, na ce ban yarda ba sai na tambaya. Da gaske ne? Me ya sa?

Amsa: Malama, yaron ya yi gaskiya. Porsche 911, wadda aka fara nunawa a Jamus a 1963, injinta yana can bayan tayoyin baya, but ɗin kaya kuma yana gaba. Amfanin haka shi ne nauyin injin yana danne tayoyin da ke tura motar, sai su kama titi da kyau wajen tashi da fitowa daga kwana. Illarsa kuma, a tsofaffin musamman, in direba ya tsorata ya saki totur a tsakiyar kwana, nauyin bayan yakan wujijjiga motar. Kamfanin ya shafe shekaru yana gyara wannan hali, na yanzu sun natsu sosai. Suna da wata mai suna Cayman da ta fito a 2005, ita injinta a tsakiya yake, daf da bayan kujerar direba, shi ya sa nauyinta ya fi daidaita kuma ta fi sauƙin sarrafawa a kwana. Ki gaishe mini da yaron, in an yi hutu ki turo shi gareji ya ga yadda ake kwance inji.