Ma'anonin kalmar "press" da bambancinta da 'yan'uwanta

Wa'alaikumus salam. 'Yar'uwa, kin ce kina shirin jarrabawar WAEC, kuma kin yi ta cin karo da kalmar "press" a jimloli iri-iri, ƙamus ɗinki ya ce miki ma'anarta "danna", amma dannawar ta ƙi zama a yawancin wuraren, sannan kina son a bambance miki ita da "push" da "squeeze" da "force". Na daɗe ina koyar da Turanci a sakandare, ina kuma taɓa aikin fassara, kuma wannan kalma tana cikin masu yi wa ɗalibai shigo-shigo ba zurfi, domin suna ganinta gajera sai su ɗauka sun gama da ita. Shawarata ita ce ki daina nema mata kalmar Hausa guda ɗaya. Ki riƙa duban abin da aikin ya faɗa a kansa, shi ne zai nuna miki kalmar da ta dace.

Asalinta daga Latin ne, daga "premere", ta biyo ta Faransanci ta shiga Turanci, kuma tushen ma'anarta shi ne a ɗora wa abu ƙarfi a ci gaba da riƙewa, ba tare da lalle abin ya gusa daga inda yake ba. A nan Hausa ta fi Turanci rarrabewa. Idan maɓallin waya ne ko ƙararrawar ƙofa, dannawa ake yi ko latsawa. Idan likita ne ya sa yatsu a cikin majinyaci yana neman inda ciwon yake, dannawa ce a hankali, mai kama da tausa. Idan auduga ce aka ɗora a kan rauni don jini ya tsaya, danne wurin aka yi. Idan kuwa gyaɗa ce, to matsewa ce. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gidan da ake yin ƙuli-ƙuli ya ga yadda ake zuba wa niƙaƙƙiyar gyaɗa ruwan zafi kaɗan-kaɗan, ana juyawa har mai ya taso, sannan a kwashe tunkuzar a yi ta murzawa ana matse ragowar man da ya maƙale a jikinta. Wannan matsewar ta ƙarshe ita Bature zai kira "press", kuma shi ya sa kike ganin "cold-pressed" a jikin kwalbar man zaitun, wato man da aka matso ba tare da an zafafa 'ya'yan ba.

Guga ma tana ciki. "Press my shirt" na nufin goge mini riga, kuma a Najeriya mun fi amfani da ita a kan "iron". Sai dai masu koyar da ɗinki suna bambancewa: "iron" shi ne a riƙa jan dutsen guga gaba da baya, "press" kuwa shi ne a ɗora dutsen a kan ɗinki, a danne, a ɗaga, a sake ɗorawa a gaba, don kada yadin ya miƙe ya ɓata yanka.

Za ki iya tambaya me ya haɗa duk wannan da 'yan jarida. A wajajen shekarar 1450, a birnin Mainz na ƙasar Jamus, Johannes Gutenberg ya ƙera injin ɗab'i bisa tsarin injinan da Turawa suke matse inabi da su, ana juya wani katako mai kama da sukuru ya sauko ya danne takarda a kan haruffan da aka shafa wa tawada. Sunan dannawar ya koma kan injin, daga injin ya koma kan maɗaba'a, daga nan ya game jaridu da masu rubuta su. Saboda haka idan aka ce jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, ta "went to press", ana nufin an kai ta ɗab'i, "press conference" kuma taron manema labarai ne.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne idan abin da aikin ya faɗa wa mutum ne. "She pressed me to eat" ba ya nufin ta danne ni, yana nufin ta nace sai na ci, irin nacin da uwar gida take yi wa baƙo. "The workers are pressing for higher pay" na nufin ma'aikata sun matsa lamba a ƙara musu albashi. "Press charges" kalmar shari'a ce, wato wanda aka zalunta ya tsaya kai da fata sai an gurfanar da wanda yake zargi. "Press on" ba ta da alaƙa da danna komai, ma'anarta a ci gaba da tafiya ko da aiki duk da wahala. "A pressing matter" lamari ne na gaggawa da ba ya jira, "pressed for time" kuma lokaci ne ya ƙure wa mutum. Masu kallon ƙwallo sun san wata ma'anar, domin ita ake faɗa idan 'yan wasa suka taso wa mai riƙe da ƙwallo suka hana shi sakat, salon da koci Jürgen Klopp ya yi suna da shi a ƙungiyoyin Dortmund da Liverpool. Akwai kuma wadda tamu ce ta gida: idan ɗan Najeriya ya ce "I am pressed" yana nufin fitsari ya matse shi, amma mutumin Ingila zai fi zaton lokaci ne ko aiki ya matse shi, don haka ki bar ta a hira, kada ki kai ta takardar jarrabawa.

Game da kalmomin da ke kusa da ita, ban taɓa yarda da jerin da ake ba ɗalibai su haddace ba, inda ake zubo kalmomi goma a ce duk ɗaya ne. "Push" turawa ce, manufarta abu ya gusa, shi ya sa ake tura motar da ta mutu da "push", ba da "press" ba, ko da yake a kan maɓalli dukansu biyu suna aiki. "Squeeze" ƙarfi ne daga ɓangarori biyu ko daga ko'ina, kamar matse lemun tsami a hannu. "Compress" a danne abu ne har girmansa ya ragu, kamar yadda ake ɗaure auduga a mayar da ita dila. "Crush" kuwa ta wuce nan, domin abin ya riga ya murƙushe ko ya rugurguje, ba zai koma yadda yake ba.

A ɓangaren mutane, abin hawa-hawa ne. "Urge" kwaɗaitarwa ce da kira mai ƙarfi, "press" naci ne da matsin lamba, "compel" da "force" tilastawa ne, "coerce" kuma tursasawa ce da barazana. Babban bambancin da nake so ki riƙe shi ne, "press" ba ta gaya miki ko mutumin ya aikata abin ba. Idan aka ce "they pressed him to resign", an matsa masa ya yi murabus, amma mai yiwuwa har yanzu yana kan kujerarsa. Idan aka ce "they forced him to resign", to ya riga ya sauka. Na sha ganin wannan kuskure a fassarar labarai, a rubuta "an tilasta masa" alhali matsa masa kawai aka yi, kuma wannan sauya labari ne gaba ɗaya. Ki lura kuma da ginin jimla: ana cewa "press someone to do", amma ba a cewa "insist someone to do", sai dai "insist that" ko "insist on".

A sashen jarrabawa da ake neman kalma mafi kusa a ma'ana, abin da nake sa ɗalibaina su yi shi ne su fara mayar da jimlar Hausa a zuci kafin su dubi zaɓin da aka bayar. Ɗauki "The lawyer pressed the witness for an answer", a ba ki "crushed", "urged", "forced" da "ironed". Da Hausa, lauya ya matsa wa mai ba da shaida sai ya ba da amsa. Ba a ce ya amsa ba, don haka "forced" ta fita, biyun da suka shafi abu mai jiki ma sun fita, sai "urged" ta rage.