Me ya sa mai ganga ya zama ubangidan mawaƙan jaz?

Tambaya: Malam, wani aboki ya kunna mini wani tsohon faifan jaz, ya ce sunan ƙungiyar Jazz Messengers, kuma shugabansu mai ganga ne da ake kira Art Blakey. Abin ya ɗaure mini kai, don a wajenmu makaɗi bayan mawaƙi yake tsayawa. Ya kuma ce wai mutumin Musulmi ne, har ya taɓa zuwa Afirka. Gaskiya ne?

Amsa: Ɗan'uwa, abokinka bai yi maka ƙarya ba. An haifi Art Blakey a birnin Pittsburgh na Amurka a ranar 11 ga Oktoba, 1919, ya rasu a New York a 1990. Da fiyano ya fara tun yana yaro kafin ya koma ganga. Daga 1944 zuwa 1947 ya yi kiɗa a ƙungiyar Billy Eckstine, inda ya haɗu da su Dizzy Gillespie da Charlie Parker, waɗanda suka kawo sabon salon jaz mai sauri da sarƙaƙiya. Bayan nan ne ya musulunta, ya ɗauki sunan Abdullah Ibn Buhaina, abokansa suka riƙa kiransa Bu. Shi da bakinsa ya ce ya tafi Afirka ta Yamma a ƙarshen shekarun 1940, kuma abin da ya kai shi neman sanin addini ne da hikima, ba koyon kiɗa ba.

Ga wani abu da zai ba ka mamaki: duk da wannan tafiya, ya sha nanata cewa jaz kiɗan Amurka ne, baƙaƙen fatar can ne suka ƙirƙire shi daga irin rayuwar da suka yi. Amma kunne yana jin abin da baki bai faɗa ba. Blakey yakan danna gwiwar hannunsa a kan fatar ganga yana bugawa, sai muryarta ta hau ko ta sauka, kamar yadda mai kalangu yake matse tsirkiya a hammata ganga ta yi magana. A 1962 kuma ya fitar da faifan The African Beat tare da Solomon Ilori, makaɗi ɗan Nijeriya.

Yanzu ga ainihin tambayarka. A kiɗanmu, waƙa ce gaba, don haka mai baki ne shugaba, makaɗa da 'yan amshi suna biye. A irin jaz ɗin da Blakey yake yi kuwa, yawanci babu waƙa ko kaɗan. Mutum biyar ko shida ne: mai begila, mai saksafon, mai fiyano, mai babban garayar Turawa da ake tsayarwa a ƙasa, sai mai ganga. Za su fara da karin da suka sani tare, sannan kowa ya fito shi kaɗai ya ƙirƙiri nasa nan take. To, wa ke riƙe da ragamar wannan? Wanda ke riƙe da lokaci. Blakey yana da faya-fayan tagulla biyu da yake takawa da ƙafar hagu, suna rufewa a bugu na biyu da na huɗu da ƙarfin da ba za ka iya ɓacewa ba. Idan mai busa ya fara sanyi, sai ka ji ya murza sanduna a kan ƙaramar ganga, sautin ya taso daga ƙasa kamar hadari yana haɗuwa, ya fashe daidai inda sabon zagaye zai fara. Wannan murzawar ita ce tambarinsa. Da ita yake cewa yaro: tashi, lokacinka ne. Daga baya yake zaune, amma shi ke kora garken.

Ƙungiyar ta samo asali ne a tsakiyar shekarun 1950 tare da mai fiyano Horace Silver. Faifan da suka ɗauka kai tsaye a gidan rawar Birdland a 1954, da matashin mai begila Clifford Brown, shi ne ya share fage. Silver ya tafi a 1956, ya bar wa Blakey sunan, shi kuma ya riƙe shi har mutuwarsa. Idan faifai ɗaya za ka nema, nemi Moanin' na 1958 da kamfanin Blue Note ya fitar. Karin farko, wanda mai fiyano Bobby Timmons ya tsara, kira ne da amshi: fiyano ya yi magana, masu busa su amsa. Daga cocin baƙaƙen Amurka ya fito, amma duk wanda ya tashi yana jin mawaƙi da 'yan amshinsa zai gane shi tun a jin farko. Bayan shi ka saurari Free for All na 1964, inda ake jin ganga kamar za ta tsage.

Abin da ya fi burge ni game da shi, ni kam, ba ƙarfin hannunsa ba ne. Sama da shekara 30 ya yi yana ɗaukar matasan makaɗa waɗanda ba a san su ba, ya sa su tsara kiɗa da kansu, ya ba su fili, in sun nuna kuma ya sake su su kafa nasu. Lee Morgan, Wayne Shorter, Freddie Hubbard da Keith Jarrett duk ta hannunsa suka bi. Wynton Marsalis ya shigo a 1980 bai cika shekara 20 ba. A shekarun 1970, lokacin da kasuwar irin wannan kiɗa ta faɗi, da yawa suka koma kayan lantarki, shi bai sauya ba, ya ci gaba da yawo da yaransa. Ko da kunnensa ya yi nauyi a ƙarshen rayuwa, bai ajiye sanda ba.

Kuma almajiransa ba a Amurka kaɗai suke ba. A Legas, wani matashi mai suna Tony Allen ya koyi ganga yana sauraron faya-fayan Blakey da na Max Roach, daga baya ya zama makaɗin Fela Kuti, kashin bayan kiɗan Afrobeat. A 2017, shekara uku kafin rasuwarsa a Faris, Allen ya fitar da ɗan gajeren faifai na girmama Blakey a kamfanin Blue Note, ya sake buga Moanin' da irin tafiyar gangarsa ta Legas. Ka sa abokinka ya kunna maka su biyun a jere, na 1958 da na 2017.