Tsutsa mai tafiya kamar ana auna taƙi

Tambaya: Malam, a gonarmu ta Mai Wurno, kusa da Sinnar a ƙasar Sudan, na ga wata siririyar tsutsa a reshen bagaruwa tana tafiya tana lanƙwasa baya, da na taɓa reshen sai ta sandare. Mece ce ita, kuma me ya sa ba mu ganin uwarta?

Amsa: Malam, abin da ka gani 'yar wani malam-buɗe-littafin dare ce daga dangin da masana ke kira Geometridae, mai nau'o'i fiye da 20,000 a duniya. Ba ta da ƙafafu a tsakiyar jikinta, shi ya sa take jawo bayanta zuwa gabanta kafin ta miƙe, kamar mai auna yadi da taƙi. Sandarewar kuwa dabara ce, domin tsuntsu ya ɗauke ta a matsayin busasshen tsinke.

Uwar da dare take fita, da rana kuma takan shimfiɗa fukafukanta a jikin ɓawon itace, launinta ya saje da shi sarai. Ina roƙonka kada ka yi gaggawar fesa magani. Ka rataya farin ƙyalle kusa da fitila bayan isha'i a lokacin damina, mai yiwuwa ta sauka a kansa.