Ga ƙanena na Daura mai son koyon haɗa tauraron ɗan'adam

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digiri a fannin fiziks a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ka yi bautar ƙasa, yanzu kana son zuwa Japan ka koyi haɗa tauraron ɗan'adam, amma a gida ana ce maka aikin Turawa ne, ka nemi abin da zai ciyar da kai. Kana tambaya ko akwai hanya.

Akwai. Jami'ar fasaha ta Kyushu da ke Kitakyushu, wadda ake kira Kyutech, tana da kwas na injiniyancin sararin samaniya da ake koyarwa da Turanci, kuma tana da tallafin karatu na haɗin gwiwa da Majalisar Ɗinkin Duniya don ɗaliban ƙasashe masu tasowa. A nan aka yi shirin BIRDS, inda ɗaliban Japan da Gana da Mongoliya da Bangladesh da Najeriya suka haɗa ƙananan taurari biyar. Namu shi ne EduSat-1, da hannun jami'ar fasaha ta Akure da hukumar sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA. Santimita 10 ne kowane gefe, nauyinsa kusan kilo 1, da ƙyar ya kai mudu. Rokar Falcon 9 ta kai su tashar sararin samaniya a Yunin 2017, aka sake su a Yuli, suka yi ta zagaya duniya har suka ƙone a 2019.

Kada ka sa ran hoto mai kyau daga ɗan akwati irin wannan. Amfaninsa shi ne ɗalibi ya taɓa komai da hannunsa: batir, farantin sola, eriya, kyamara, manhajar da ke ba shi umarni. Mafi yawan lokacinka a gwaji zai ƙare. Za a ɗaure shi a kan injin da ke girgiza shi kamar yadda roka za ta yi, a sa shi cikin tankin da aka zuƙe wa iska, a gasa shi, a daskarar da shi. Waya ɗaya ta saki, an koma baya. In ya tashi kuwa, minti goma ko ƙasa da haka yake yi a saman tasharku ta ƙasa mai karɓar saƙonsa kafin ya wuce, shi ya sa ƙasashen suka riƙa karɓar wa juna saƙonsa.

Masu cewa aikin Turawa ne, ka gaya musu NigeriaSat-X da aka harba a Agustan 2011 injiniyoyin Najeriya ne suka haɗa shi a kamfanin Surrey na Ingila. Yayansa NigeriaSat-1 na 2003 ya yi aiki cikin ayarin taurarin lura da bala'o'i tare da na Aljeriya da Turkiyya da Birtaniya, har ya ɗauko hotunan ɓarnar guguwar Katrina a Amurka a 2005.

Sai dai ni a ganina, kada ka cike takardar nema tukuna. Gurbin kaɗan ne, masu nema daga ko'ina, kuma kowa yana rubuta cewa tun yana yaro yake kallon taurari. Hotunan ƙasa da taurarin Sentinel-2 na Turai ke ɗauka kyauta ne, kowane ɗigo mita 10, ana sabunta su kusan duk kwana 5. Manhajar QGIS ta haɗa taswira ma kyauta ce. Ka sauke hotunan madatsar Sabke na Oktoba da na Afrilu, ka auna yadda ruwan ke janyewa. Ko ka duba Jibiya kafin ambaliyar 2018 da bayanta. Ka rubuta shafi uku a kai, da taswirarka. Farfesan da ya ga wannan zai karanta sauran takardunka. Ka koyi yarukan kwamfuta na Python da C, ka sayi ɗan allon lantarki na Arduino ka yi ta wasa da shi. Akwai kuma cibiyar koyar da ilimin sararin samaniya a Ile-Ife, in ba a dace da Kyutech ba a karon farko.

Maganar zama a Japan kuwa, doka ta ba ɗalibi awa 28 na aiki a mako, amma ɗakin gwaji ba zai bar maka rabinsu ba, don haka kada ka yi wa kowa alkawarin aike. Naman halal sai an nema, sanyin hunturu kuwa ya wuce na Daura nesa ba kusa ba.

Ka turo mini sakamakon digirinka da taswirar Sabke in ka gama, in duba kafin a buɗe nema. Ka gaishe da Baba da Inna.