Baba ɗan Maraɗi, Inna Bakatsiniya: amsa ga ɗan'uwan da aka kira baƙo

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka ce mahaifinka daga Maraɗi ya tsallako tun yana saurayi, ya auri mahaifiyarka Bakatsiniya, a nan aka haife ka, amma da ka je neman takardar shaidar ƙaramar hukuma aka ce kai baƙo ne, har wani ya tsorata ka da cewa akwai dokar da za a kore ka da ita. Ni ba lauya ba ne, sai dai irin wannan ta taɓa faɗo mini.

Mahaifina mutumin Damagaram ne, fataucin shanu ya kawo shi. Shekarar da zan shiga jami'a na je neman wannan takarda. Ma'aikacin ya fara cike mini fom lafiya lau, sai ya tambayi garin kakana na wajen uba. Ina cewa Matamai ya rufe bironsa, ya turo mini takarduna, ya kira na bayana. Na dawo gida ko tuwo ban iya ci ba. Wani lauya maƙwabcinmu ne ya zaunar da ni a kan tabarma bayan Isha'i, ya buɗe kundin tsarin mulki na 1999, ya ɗora yatsa a kan sashe na 25, ya ce karanta da bakinka.

Sashen ya ce duk wanda aka haifa a Najeriya bayan 1 ga Oktoba 1960, in ɗaya daga cikin iyayensa ko ɗaya daga cikin kakanninsa ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne tun ranar haihuwa. Bai ce sai uba ba. Mu ne muka saba jingina yaro ga dangin uba, ma'aikatan kuma suka ɗauki al'adar suka mai da ita doka. Innarka kaɗai ta isar maka. Amma ka lura, haihuwa a nan ita kaɗai ba ta wadatar. Da a ce iyayenka da kakanninka huɗu duk 'yan Nijar ne, da magana ta canza, don tsarinmu ba irin na Amurka ba ne.

Batun kora kuwa, an taɓa gwada shi a kan wanda ya fi mu ƙarfi. A Janairun 1980, zamanin Shagari, aka ɗauke Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin Borno ɗan jam'iyyar GNPP, aka tsallakar da shi Chadi, wai mahaifinsa ɗan can ne. Da dokar shige da fice aka fake. Babbar kotun Maiduguri ta ce shi ɗan Najeriya ne, wannan doka ba ta hawa kansa, ta kuma ce a biya shi diyya. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara, ta sake shan kaye. A kundin yanzu, sashe na 41 ya hana korar ɗan ƙasa, sashe na 1 kuma ya ce duk dokar da ta ci karo da tsarin mulki ba ta da ƙarfi gwargwadon saɓanin. Ko shugaban ƙasa, sashe na 30 bai ba shi ikon ƙwace ɗan-ƙasancin wanda ya same shi ta haihuwa ba.

Inda abin yake ba ni haushi shi ne wajen Baba. Matar da ta auri ɗan Najeriya tana iya yin rajista ƙarƙashin sashe na 26, amma mijin 'yar Najeriya ba a ba shi wannan ƙofa ba. Sai ya bi sashe na 27, da sharaɗin zaman shekara 15 da amincewar shugaban ƙasa. Mahaifina har ya rasu bai nema ba, Allah ya jiƙansa. Shi a wajensa iyakar nan Turawan Ingila da Faransa ne suka zana ta, kasuwa ɗaya ake ci ta kowane ɓangare.

Ita takardar ƙaramar hukumar ma kana da abin kafa hujja. Sashe na 318 ya fassara ɗan jiha da wanda ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ya fito daga al'ummar asalin jihar. Don haka ka nufi garin mahaifiyarka, ka ɗauki kawunka ya raka ka wajen mai unguwa da dagaci su sa hannu. Ka riƙe takardar haihuwarka ta Hukumar Ƙidaya da duk wata shaida ta Inna. Kada ka dogara da lambar NIN, don baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida ma ana ba shi ita.

Ni haka na yi. Kawuna ya sa babbar rigarsa muka tafi tare, bayan sati biyu na karɓi takardata. In sun sake ƙi, ka ce su rubuta maka dalilinsu a takarda su buga hatimi, ka kai wa lauya.